Shekarar da Aka Yanke Hannun Fuluto

Kwanakin baya wasu samari 'yan makarantar koyon sana'a suka tsaya a rumfata da ke bakin titi a unguwar Nyohini, cikin Tamale, suka yi ta ɗaukar hoto da wayoyinsu. Wani dogo mai jar hula a cikinsu ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye saman teburina, ya ce wa 'yan'uwansa, "Cale, 'yan'uwa, wannan ai duma ne da waya kawai. A ba ni yini guda in haɗa shi." Suka yi dariya suka wuce. Ban tanka ba, domin ina zuba narkakkiyar darma a lokacin, kuma ba na magana in ina zuba darma. Amma maganar ta dame ni, shi ya sa na zauna in ba su amsa, su da duk mai irin tunaninsu.

Sunana Sule, amma a Tamale in ba ka ce Sule Mai Lema ba, ba wanda zai nuna maka rumfata. Lemar da nake yi ba ta tare ruwa. Rana ce da duniyoyin da ke kewaya ta, waɗanda nake haɗawa da duma da sandunan ƙarfe, a rataya su a rufin aji domin yara su gani da idonsu, su juya da hannunsu. Rana tana tsakiya, kowace duniya tana bakin hannunta na ƙarfe, wani gajere wani dogo, duk sun fito daga cibiya ɗaya. Da yake abin ya yi kama da ƙashin lema da aka yaye wa yadi, sai mutane suka sa masa wannan suna, ni ma ya bi ni.

A unguwar Tishigu na koya, wurin Baba Isaka, Allah ya jiƙansa. Asalinsa mai gyaran keke ne. Wani malamin kwalejin horar da malamai ne ya taɓa kawo masa zane ya ce ko zai iya ƙera masa wannan, shi kuwa Baba Isaka bai taɓa cewa ba zai iya abu ba a rayuwarsa. Ya ɗauki cibiyar tayar keke da boris ɗinta ya mai da ita uwar aikin, daga nan sana'a ta kafu. Lokacin da mahaifina ya kai ni wurinsa da goro da zakara kamar yadda ake yi, na zaci washegari za a ba ni burushi in fara fentin duniyoyi. Sai aka ba ni cokali mai kaifin baki da tulin duma, aka ce in kankare cikinsu. Na daɗe a kan wannan aikin har tafin hannuna ya yi kanta. Duman da aka bar wa ko ɗan ɓargo a ciki, ƙwaro zai shiga, bayan shekara sai ka ga gari yana zuba a kan littafin yara. Baba Isaka yakan zura yatsa ya shafa, in ya ji kaushi sai ya jefo mini shi ba tare da ya dube ni ba.

Daga duma aka ɗaga ni zuwa ƙarfe. Kayan aikinmu ba su da yawa: zarto, magagari, awartaki, guduma ƙarama da babba, ɗan guntun ƙarfen mota da muke dukan abu a kai, da kaskon narka darma a kan gawayi. Har yau su ne a gabana, sai injin walda da na ƙara daga baya. Miƙe sandar ƙarfe da guduma har ta zama in ka mirgina ta a kan tebur ba ta tsalle, wannan kaɗai ya isa ya kori rabin masu zuwa koyo. Bayan shi sai fenti, kuma fentin mai muke sa wa ciki da waje, saboda duma yana shan danshin damina ya ƙara nauyi. Sai ka san wace duniya ce ja, wace ce mai ratsi-ratsi, wace ce mai zobe. Zoben Satun da murfin tukunyar gwangwani muke yanka shi, a goge bakin sosai kada ya yanki yaro.

Duk wannan ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne daidaito, kuma shi ne abu na ƙarshe da Baba Isaka ya yarda na taɓa. In ka ɗaura hannaye a cibiya, dole gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, tunda Jufita ƙato ne, Satun ma haka, sauran kuwa ƙanana. Yadda Baba Isaka ya koya mana, sai an gama ɗaura takwas sannan a ɗauko ta tara, wato Fuluto, wadda ke da hannu mafi tsawo. Da ƙwallon kaɗanya muke yin ta. A huda shi, a ƙwaƙule, a juya hannunta zuwa gefen da ya ɗage sama, sannan a riƙa ɗiga darma a ciki kaɗan-kaɗan har lemar ta kwanta daidai. Ita ce mafi ƙanƙanta a ido, amma da yake tana can nesa da cibiya, ɗan nauyinta shi ke riƙe da dukan sauran. In an gama, Baba Isaka yakan tura lemar da yatsa ɗaya ya koma gefe yana tauna goro. In ta tsaya kowane lokaci da hannu guda yana kallon wuri ɗaya, to, akwai karkata, a sake. Lemar kirki ba ta da wurin tsayawa, duk inda ƙarfinta ya ƙare nan take tsayawa.

Aikin farko da na yi da sunana bayan an yaye ni, na wata makarantar Arabiyya ne da ake haɗa boko da karatun addini. Mai ita, Afa Yakubu, haka ake kiran malamin addini a nan, dattijo ne mai tsauri. Na gama ratayawa ina maƙala sunaye a jikin hannayen, sai ya tsaya a ƙasan tsani ya ce, "Sule, waɗannan sunayen na su wane ne?" Na ce na duniyoyi ne, Afa. Ya ce ya sani, amma su duniyoyin a ina suka samo su? Malamin bokonsa ya matso ya yi bayani cewa galibi sunayen gumakan Rumawa ne na da, ɗaya kuma na Girkawa, Turawa suka ɗauka suka laƙaba. Afa ya ce, "A makarantata? Sauko da su." Ya sa aka rubuta mini sunayen da ya sani a littattafansa: Uɗaridu, Zahra, Mirriku, Mushtari, Zuhalu. Da muka zo kan uku na ƙarshe sai aka rasa sunayensu a littattafan, domin malaman da can ba su san da su ba, sai da madubin hangen nesa aka gano su. Ya ja gemu ya ce a rubuta ta bakwai, ta takwas, ta tara. Haka na rubuta. Mai kaya shi ke da suna, ni nawa daidaito ne. Tun daga ranar na gane cewa sunayen nan mutane ne ke raɗa su, kuma abin da mutum ya raɗa wani mutum zai iya sauyawa.

Shekaru suka yi ta tafiya, makarantu masu zaman kansu suka yi ta buɗewa, kowa yana son lema a ajinsa domin iyaye su gani su san ana karatu. Na rataya a Tishigu, na rataya a Nyohini, na rataya har ƙauyukan bakin gari. A Kaladan akwai makarantar wata mata 'yar kudu, Madam Esi, tsohuwar malama ce da ta yi ritaya ta buɗe tata. Mace ce mai son aiki tsaf. Ita na yi wa mafi girman lemar da na taɓa yi a lokacin, kuma sai da ta sa na yi ta hawa tsani ina sauka kafin ta yarda tana tsakiyar aji.

Sai labari ya zo a rediyo cewa masana taurari sun yi taro a wata ƙasar Turai, sun kaɗa ƙuri'a, sun cire Fuluto daga jerin duniyoyi. Yanzu takwas ne. Na ji, na ce to, Allah ya ba su lafiya, na ci gaba da kankare dumana. Ban ɗauka abin zai zo har rumfata ba. Ya ɗan jima kafin ya zo, sai da sababbin littattafai suka shigo makarantu.

Wata ranar Talata da hantsi aka aiko in zo Kaladan maza. Na tarar da yara a tsakar makaranta cirko-cirko, lemar tana ƙasa a kan tebura, rana ta rabe biyu, Jufita ya tarwatse. Madam Esi ta tare ni a bakin ƙofa tana haki.

"Maigida Sule, zo ka gani abu da ka yi mini. Abu naka ya faɗi a kan yara. Yarinya ɗaya ya fashe goshi, an kai shi asibiti. Ubansa Fulani ne, ya zo nan da sanda. Ka kashe ni kraa!"

Na shiga na durƙusa na ƙirga hannayen. Takwas. Na nemi na tara na samu ɗan guntunsa a jikin cibiya, bakin yana walƙiya, an datse shi da filaya ba da daɗewa ba. Na ɗaga kai na dubi katakon rufi, ramin ƙugiya ya faɗaɗa ya zama kamar bakin tulu. Abin a fili yake. An cire abin da ke riƙe da daidaito, lema ta karkace, yara suka ci gaba da juya ta kamar yadda suka saba, tana girgiza ƙugiyar kullum har katako ya sake ta. Na nuna wa Madam guntun. Ta duba, ta kau da kai, ta ce ba yanzu ba.

Kafin sallar la'asar labari ya gama gari, kuma kun san yadda labari ke tafiya a bakin masu sayar da koko. Ba wanda ya ce an yanke hannu. Abin da aka ce shi ne aikin Sule Mai Lema yana faɗo wa yara a ka. Wanda ya ba ni aiki ya aiko a dakata. Wanda na riga na yi wa ya sa kafinta ya sauke, aka jefa a bayan aji, awaki suna hawa. Wasu masu shago suka samu kasuwa, suka kawo hotunan duniyoyi na takarda da wasu na roba daga waje. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san ba a Kaladan kaɗai ake da filaya ba. Duk inda sabon littafi ya shiga, akwai malamin da zai hau tebur ya yi abin da aka yi a can.

Na ɗaura tsani a keke na shiga bin makarantu ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka bar ni na duba, na kuwa samu an datse a wurare da dama, lema ta sunkuya gefe guda tana jiran ranarta. Na sauke su. Wasu tun daga bakin ƙofa mai gadi ke cewa an ce kada a bar ni in shiga. Wani shugaban makaranta da na yi wa aiki da hannuna ya leƙo ta taga ya ce, "Massa Sule, tafi da wahalarka." Na tsaya a bakin titi na ɗaga murya na ce masa ko bai bar ni na shiga ba, ya sauke ta yau, kada ya kwana da ita a sama. Wannan ita ce muguwar shekarata. Na koma gyaran keke da liƙe bokiti domin a ɗora tukunya a gida, mutanen da ke gaishe ni da Maigida suka koma ɗaga hannu daga nesa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Ana cikin haka wani saurayi ya zo rumfata da yamma, rigarsa a soke cikin wando, ya tsaya yana murza hannu. Na gane shi, malamin kimiyya ne a makarantar Madam, Ticha Kwame. Bai daɗe da fara aiki ba.

"Maigida, ni ne ya yanke," ya ce. "Littafi ya ce takwas. Yara suna ɗaga kai, suna ƙirga tara, suna rubuta tara a jarrabawa, ana ba su ziro. Na ce bari in cire ƙaramin nan, ba shi da nauyi sef."

Na so in ɗauki magagari in bi shi, amma na dube shi na ga bai kai ƙanena ba, kuma dalilinsa dalili ne. Yaro ba zai ga tara a sama ya rubuta takwas a ƙasa ba. Na ce ya zauna ya faɗa mini laifin da Fuluto ta yi wa masanan nan. Ya ɗauki alli ya zana a kan teburina. Ya ce sun kafa sharaɗi uku kafin a kira abu duniya. Na farko ya zama rana yake kewayawa, ba wata duniya ba, shi ya sa farin wata ba ya ciki. Na biyu ya yi girman da nauyin kansa zai dunƙule shi ya zama kamar ƙwallo. Na uku ya share hanyarsa, wato ya fi ƙarfin duk tarkacen duwatsun da ke kan layinsa, ko ya haɗiye su, ko ya kore su, ko ya ja su su bi shi. Fuluto ta cika biyu ta faɗi a na uku, domin a cikin taron 'yan'uwanta take tafiya. Na ce wato kamar tifa da keke a hanyar kasuwa, ita tifa ana watse mata, mai keke kuwa sai ya kutsa. Ya yi dariya karon farko, ya ce haka ne.

Na tambaye shi me ya tono maganar bayan shekara da shekaru. Ya ce an gano wata can bayan Fuluto, kusan girmansu ɗaya, aka sa mata Eris. To ko a ce duniyoyi goma ne, gobe sha ɗaya, jibi ba iyaka, ko a ja layi. Sai suka ja layi, suka buɗe sabon aji na wadannin duniyoyi, wato waɗanda suka dunƙule amma ba su share hanya ba. Ya ce akwai wata ma, Siris, tsakanin Mas, wato Mirriku, da Jufita, da can an taɓa lissafa ta cikin duniyoyi, aka sauke ta zuwa dutse, yanzu kuma an ɗaga ta zuwa wada. Sunan kuwa wanda ya gano ne ke kawo shawara, kwamitinsu ya amince, kuma yanzu sun bar tsayawa kan gumakan Rumawa kaɗai, suna ɗaukowa daga al'adun wasu mutane na tsibirai masu nisa, shi ya sa za ka ji Makemake da Haumeya.

Ban yi gardama da masana ba, ba na kuma yi yanzu. Sama tasu ce, sun fi ni ganinta. In sun ce takwas, takwas ne. Gardamata da wanda ya ɗauka cewa tunda an goge suna a littafi da alƙalami, a jikin ƙarfe ma haka ake gogewa da filaya.

Na kwashe gawar lemar Madam na kawo rumfa ba tare da kowa ya sa ni ba. Na sake ta daga tushe. Hannaye takwas, kuma na ɗauke daidaiton daga jikin kowace duniya na mai da shi cikin cibiya, wata darma da ke zamewa a kan ƙarfe a ɗaure ta da noti inda ba hannun da zai kai. A ƙasa na sa wani zobe dabam, mara nauyi, na rataya wadannin a jikinsa da ƙananan ƙugiyoyi, na bar wasu ƙugiyoyin ba kowa, tunda Ticha Kwame ya ce ana ci gaba da ganowa. Yanzu in masana sun sake taro, sai malami ya cire ko ya ƙara da yatsa biyu, ba abin da zai motsa. Maimakon ƙugiya a katako, na yi ƙarfen da ke rungume katakon gaba ɗaya. Na sha wuya kafin ta kwanta, domin hannuna ya saba da hanyar Baba Isaka, kuma ban ji daɗin barin hanyarsa ba. Amma na tura ta da yatsa ɗaya, ta tsaya inda ta ga dama.

Da na je wa Madam Esi da ita, sai ta shigar da ni ofis ta rufe ƙofa. Ta ce ranar Asabar akwai taron iyaye, kuma suna neman wanda za a ɗora wa laifi. In aka ce malaminta ne, dole ta kore shi, wasu kuma za su cire 'ya'yansu su ce ba ta kula da makarantarta.

"Kai ka tashi ka ce ƙarfe ya yi tsatsa, ka ba haƙuri, shi ke nan. Ni zan yi magana da sauran masu makaranta, aiki naka zai dawo. Maigida, ka taimake ni, ka taimaki yaron nan."

Na ce, "Madam, yaron nan ba zan ambaci sunansa ba ko an sa mini wuƙa. Amma ƙarfena bai yi tsatsa ba, kuma ba zan ce ya yi ba. In na faɗa sau ɗaya, har in mutu ni ne mai aikin da ke tsatsa."

Ta ce to ba za ta rataya komai nawa a kan 'ya'yan mutane ba. Na ce ta bar ni dai in zo taron.

Daren Juma'a bai yi ba sai da na yi magana da uwargidana Hajara, kuma ba ta yi daɗi ba. Muna da 'ya, Rukaya, ajinsu ɗaya da yaran da lemar ta faɗo wa, amma a wata makaranta kusa da gida take. Na ce zan mai da ita makarantar Madam. Hajara ta ajiye muciya ta ce, "Malam, da 'yata za ka wanke sunanka?" Na ce in aikina bai isa 'yata ta zauna a ƙarƙashinsa ba, to tun farko bai isa na rataya shi a kan 'yar kowa ba, gara in sani in bar sana'ar. Ta ce ita ba ruwanta da sana'a, goshin 'yarta ta sani. Na kai ta rumfa na rataya lemar, na kama cibiyar da hannu biyu na ɗage ƙafafuna daga ƙasa, na yi lilo a gabanta da girmana. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Da safe dai na ga ta wanke wa Rukaya kayan makaranta ta goge.

Ajin ya cika ranar Asabar, har da na tsaye a taga. A can gefe na ga wani dogon mutum da malfa da sanda a kafaɗa, kusa da shi wata yarinya mai tabo sabo a goshi. Shi ne Malam Hammadi, makiyayi daga bakin gari, matarsa ke kawo nono da wagashi, wato cuku, cikin Kaladan, 'yarsa Hajjo ce ta ji ciwon. An ce ya rantse ba za ta sake taka makarantar ba. Da aka ba ni dama na miƙe na ce abin da na rataya hannu tara gare shi, abin da ya faɗo takwas gare shi, ga guntun nan kowa ya duba. Wani ya ce wa ya yanke? Na ce ban zo da sunan kowa ba. Aka yi ta hayaniya, wani ya ce ƙarya nake, wata ta ce a fitar da ni. Ticha Kwame yana can jingine da bango. Na bar su suka gaji, sannan na ce ga sabuwa na kawo, zan rataya ta yanzu in Madam ta yarda, kuma ga wadda za ta zauna daidai ƙarƙashinta daga ranar Litinin har ta gama ajin. Na kamo hannun Rukaya na zaunar da ita a teburin tsakiya.

Madam Esi ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce a kawo tsani. Na hau na ɗaura, na ƙara noti, na sauko na tura da yatsa. Lemar ta yi ta juyawa a kan Rukaya, ita kuwa ta ɗaga kai tana kallo.

Sai Malam Hammadi ya taso. Mutane suka dare, ni ma na gyara tsayuwa, domin sandar tana hannunsa. Ya zo ya tsaya ya dubi lemar, ya ɗaga sandar ya zunguri cibiyar da ƙarfi, sau ɗaya, ya sake. Ko gezau ba ta yi ba. Ya juyo gare ni.

"Wannan 'yarka ce ta cikinka, ko ta aro?"

Na ce, "Ta cikina ce."

"Uwarta ta sani?"

"Ita ta goge mata riga."

Sai ya waiwaya ya kira Hajjo da Fillanci, ta zo tana noƙewa, hannunta a kan tabon. Ya kama kafaɗarta ya zaunar da ita a benci ɗaya da Rukaya, ya ce wa 'yata, "To matsa mata." Ya ce da ni, "In lemar ta faɗo, ni da kai mu haɗu a asibiti."

Nan suka zauna su biyu har suka gama ajin. Aikina bai dawo duka ba, wasu makarantun har yau takarda ce manne a bangonsu, Madam Esi kuma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Amma tun daga ranar, duk wanda ya zo ba ni aiki ya tambaye ni ko ba za ta faɗo ba, sai in ce ya je Kaladan ya tambayi Bafillatanin nan mai sanda inda 'yarsa ta zauna.